RNA mai yawo cikin jini: saƙo ne, amma daga wa?

Tambaya: An yi wa mahaifina gwajin PSA, wanda ake duba lafiyar firostet da shi a jini, an ce ya hau, likita ya ce sai an gutsuro ɗan nama daga firostet ɗinsa an duba. Ni kuma na karanta cewa yanzu akwai gwajin RNA da ake yi da jini ko fitsari, wai yana gano cutar kansa, wato daji, tun ba ta nuna alama ba. Gaskiya ne? In gaskiya ne, me ya hana a yi masa shi kowa ya huta?

Amsa: Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne. Abin da ka karanta yana da tushe, Malam, sai dai an ƙara masa gishiri a hanya. Kuma ka yi sa'a ta wani ɓangare, domin firostet, wato 'yar gaɓar da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, na cikin 'yan wuraren da irin wannan gwaji ya riga ya fita daga ɗakin bincike ya shiga asibiti. Amma aikinsa shi ne ya taimaka wa likita ya san wa ya kamata a gutsuro wa nama, wa kuma za a iya ɗaga wa ƙafa. Bai maye gurbin gutsuro naman ba. Na shafe shekaru ina auna RNA a ruwan jini, don haka bari in faɗa maka yadda abin yake daga ciki.

Kowane tantanin jikinka, wato ƙwayar halitta, na hanta ne ko na zuciya ko na fata, yana ɗauke da kundi iri ɗaya, shi ne DNA. Abin da ya bambanta su shi ne shafin da kowanne yake buɗewa. In tantani zai yi aiki da wani shafi, sai ya kwafe shi, wannan kwafin shi ne RNA. Ke nan DNA na nuna maka abin da tantani zai iya yi, RNA kuwa abin da yake kan yi yanzu. Akwai dogayen RNA masu ɗauke da umarnin haɗa furotin, akwai kuma wasu 'yan guntaye da ake kira microRNA, tsawonsu bai wuce haruffa 22 ko makamancin haka ba, aikinsu rage wa dogayen murya. Victor Ambros da abokan aikinsa ne suka fara gano irinsu a 1993 a jikin wata 'yar tsutsa, Gary Ruvkun ya nuna a 2000 cewa har mutum yana da su, kuma su biyun suka karɓi kyautar Nobel a 2024. Yawancin labaran da kake gani a kan gwajin jini na RNA, waɗannan guntayen ake nufi.

Bisa ƙa'ida bai kamata a sami RNA a wajen tantani ba ko kaɗan. Jini cike yake da wasu sinadarai da ake kira RNase, waɗanda ba su da sana'a sai daddatsa RNA. Har a kan yatsunmu suke, shi ya sa mai aikin RNA ba ya taɓa kwalba sai da safar hannu. A 2002 masu bincike a ɗakin Dennis Lo da ke Hon Kon suka zuba tsirarar RNA cikin ruwan jini, cikin daƙiƙa 15 fiye da kashi 99 cikin ɗari ya lalace. Duk da haka tun a 1948 wasu Faransawa biyu, Mandel da Métais, suka ba da rahoton ganin irin waɗannan sinadaran gado a ruwan jini, duniya ta yi musu kunnen uwar shegu. Sai a 2008 maganar ta tashi da ƙarfi, lokacin da ƙungiyoyi da dama suka nuna microRNA na nan daram a jini. Ƙungiyar Muneesh Tewari a birnin Siyatil na Amurka ta bar ruwan jini a fili tsawon awa 24, ta daskarar da shi ta narkar har sau 8, guntayen nan ko gezau.

Dalilin shi ne ba tsirara suke yawo ba. Wasu suna cikin 'yan ƙananan jakunkuna na kitse da tantani ke tofarwa, ana kiransu ekzosom. A 2007 ɗakin binciken Jan Lötvall a Suwidin ya nuna waɗannan jakunkuna na iya ɗaukar RNA daga wani tantani zuwa wani. Daga baya, a 2011, aka gano yawancin microRNA na ruwan jini ma ba a jaka suke ba, suna manne ne da wani furotin mai suna Argonaute2, wasu kuma na hawa kan HDL, wato abin da ke jigilar kolestarol. A nan zan ɗan yi baya-baya da abokan sana'ata masu cewa tantanin jiki na rubuta wa juna wasiƙa ta wannan hanya. Wani lokaci haka ne. Amma da aka zauna aka ƙirga a 2014, sai aka ga hatta microRNA mafi yawa bai kai kwafi guda a kowace jaka ba, galibin jakunkunan wayam suke game da shi. A ganina kaso mai yawa na abin da muke aunawa shara ce da tarkacen tantanin da suka mutu. Wannan bai rage masa daraja a matsayin alamar cuta ba, don mai bin sawu ba ruwansa da ko dabbar da gangan ta bar sawun.

Ba jini kaɗai ba ne. An same shi a fitsari, yawu, nono, maniyyi, hawaye, da ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da lakar baya.

Kafin in shiga matsalolin, ka lura da wani abu. Auna RNA a jini ba baƙon abu ba ne a asibiti. Gwajin yawan ƙwayar cutar HIV da ake yi wa masu shan magani tun tsakiyar shekarun 1990, RNA ake ƙirgawa a ruwan jini. Haka na ciwon hanta nau'in C. Me ya sa waɗannan suka yi nasara tun da wuri? Saboda babu wani tantani a jikin ɗan Adam da ke yin wannan RNA ɗin sai in ƙwayar cutar na nan. In ka gan shi, ka san wanda ya aiko shi. Duk wahalar gwajin kansa da sauran cututtuka tana cikin wannan tambaya: wa ya aiko?

Jinin da aka zuƙa daga hannu, babban mai magana a cikinsa shi ne jinin kansa. Jajayen ƙwayoyi, farare, da ƙwayoyin daskarar da jini duk suna zubar da RNA, kuma suna da yawan da ƙari ɗan mitsitsi a huhu ko hanji ba zai taɓa ja da su ba. Kamar ka ce za ka ji raɗar mutum ɗaya a tsakiyar taron da ake ta kiɗa. A 2012 ƙungiyar Tewari ɗin nan ta ɗauki microRNA 79 da aka riga aka wallafa cewa alamomin kansa ne, ta duba, sai ga kashi 58 cikin ɗari nasu ƙwayoyin jini na yin su da yawa. Ma'ana, mai yiwuwa da dama daga cikin masu binciken ba kansa suke aunawa ba, bambancin ƙwayoyin jini tsakanin majinyaci da mai lafiya suke aunawa.

Ni kaina na taɓa faɗawa wannan ramin. A farkon aikina mun tara jinin majinyata da na masu lafiya, muka auna, sai ga wasu microRNA biyu sun yi tashin gwauron zabo a wajen majinyatan. Murna ta kama mu, har an fara maganar rubuta takarda. Wata babbar ma'aikaciya da ta girme mu a aikin ta ce a fito mata da kwalaben daga firiza. Ta jera su a kan farar takarda, ba ta ce uffan ba. Ruwan jini lafiyayye launinsa rawaya ne garau. Na masu lafiyar haka suke. Na majinyatan kuwa da yawa sun ɗan yi ja-ja, kaɗan ne ƙwarai, in ba a kan farar takarda ba ido ba zai kama ba. Da muka bi diddigi sai muka gane jinin masu lafiya a ɗakinmu aka ɗiba aka tace nan take, na majinyata kuwa a gadon asibiti aka ja ta siririyar allura, ya yi awanni a kan tire kafin ya iso. Jajayen ƙwayoyi sun farfashe sun zubo da kayan cikinsu. Abin da muka ɗauka alamar cuta, miR-451 da miR-16 ne, waɗanda suka cika jajayen ƙwayoyin jini maƙil. Tun daga ranar ba na amsar samfuri sai na auna jan da ke cikinsa da na'urar haske, kuma na kwatanta miR-451 da miR-23a, domin shi na biyun fashewar jini ba ta motsa shi.

Wannan ɗaya ne kawai. Kwalbar da aka zuba jinin ma tana da ta cewa: mai koren murfi tana ɗauke da hefarin, maganin hana jini daskarewa, shi kuma yana shaƙe PCR, hanyar da muke ninka RNA don mu iya ƙirga shi, saboda haka mun fi son mai murfi shunayya. Ƙarfin da aka juya jinin a inji yana yanke yawan ƙwayoyin daskarar da jini da za su rage a ruwan, su ma cike suke da RNA. Motsa jiki, juna biyu, lafiyar ƙoda, shekaru, duk suna taɓa sakamako. Sannan ga rashin ma'auni tsayayye. In za ka ce abu ya hau, sai ka ce ya hau bisa ga me. A cikin tantani muna da wasu RNA da ba su cika canzawa ba, muna gwada saura da su. A ruwan jini har yau ba a yi ittifaƙi a kan ko ɗaya ba. Wasu suna zuba microRNA na tsutsar nan da na ambata a farko, mai suna cel-miR-39, a cikin samfurin don su ga nawa ya ɓata wajen tacewa, amma wannan yana gyara kuskuren hannunmu ne kawai, ba ya gyara bambancin jikin mutane. Abin dariya ma, shekaru da dama mutane da miR-16 suke gwadawa, wanda fashewar jini kaɗan ke ɗaga shi.

Akwai kuma waɗanda suke hawa da gaske amma ba su da alƙibla. miR-21 an ruwaito ya hau a kansar mama, ta hanji, ta huhu, ta ciki, da kuma ciwon zuciya da kumburi iri-iri. Abin da ya ce maka jiki ba daidai yake ba, bai ce maka ina ba, zazzaɓi ma yana yin wannan aikin.

Ko da an shawo kan duk wannan, lissafi na jira a gaba, kuma shi ne abin da masu talla ba sa son a taɓo. A ce ga gwaji mai kyau, yana kama majinyata 9 cikin 10, yana kuma wanke masu lafiya 9 cikin 10. A ce cutar tana jikin mutum 1 cikin 1,000. Ka gwada mutum 10,000 da ke yawonsu lafiya lau. Masu cutar 10 ne, za ka kama 9. Masu lafiya 9,990 ne, gwajin zai yi wa 999 ƙazafi. Ke nan cikin mutum 1,008 da aka ce musu an ga wani abu, 9 ne kaɗai ke da shi, sauran za su sha fargaba da hoto da allura a banza. Shi ya sa gwajin da ya yi kyau a takarda, inda aka kwatanta masu kansa da ta yi nisa da matasa masu jini a jika, yake watsewa in an kai shi cikin jama'a.

To, ina ya yi aiki? Duk inda ka ga nasara, za ka tarar RNA ɗin na wuri ɗaya ne tak, tambayar kuma 'yar ƙarama ce.

Mafi burge ni shi ne miR-371a-3p a kansar 'ya'yan maraina, wadda ta fi kama samari. Wannan microRNA na tantanin farkon halitta ne, jikin baligi kusan ba ya yin sa, amma irin wannan ƙari yana yi. Wani babban bincike da Klaus-Peter Dieckmann ya jagoranta daga Jamus, aka wallafa a 2019 da majinyata sama da 600, ya nuna yana kama kusan kashi 90 cikin ɗari na masu cutar, yana wanke kusan kashi 94 na marasa ita. Tsofaffin alamomin da ake aunawa, AFP da hCG da LDH, suna kuskure majinyata masu yawa, musamman a nau'in da ake kira seminoma. In an cire ƙarin kuma, yakan faɗi cikin kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki in cutar ba ta bazu ba. Ka ga dalilin nasararsa irin na HIV ne: an san mai aikowa. Amma shi ma yana da makanta, ba ya ganin nau'in da ake kira teratoma.

Na biyu miR-122, wanda hanta ce ke yin kusan dukkansa, kuma shi ne mafi yawan microRNA a cikinta. A mutanen da suka sha farasitamol fiye da kima, masu bincike a Birtaniya sun nuna yana tashi tun gwajin hanta na yau da kullum, wato ALT, bai motsa ba. Awannin nan suna da tsada, domin maganin kariyar hanta ya fi aiki in an ba shi da wuri. Cikas ɗinsa shi ne yana bambanta sosai tsakanin masu lafiya, har a jikin mutum ɗaya daga rana zuwa rana.

A bugun zuciya an gwada miR-208 da miR-499, suna tashi kuwa. Sai dai tuni akwai gwajin turofonin, furotin da zuciya ke zubarwa a jini in ta ji rauni, mai sauri ne, an kuma san shi ciki da waje, don haka ba su sami wurin zama ba. Ba isa ba ne gwaji ya yi aiki, sai ya fi wanda ke hannu.

Fagen da nake sa wa ido shi ne juna biyu. Mabiyiya na zubar da RNA nata cikin jinin uwa, kuma tsarinsa na canzawa mako-mako kamar agogo. Ɗakin Stephen Quake a jami'ar Stanford ya nuna a 2018 cewa da shi za a iya ƙiyasta watannin ciki. A 2022 aka wallafa bincike biyu da suka nuna ana iya hango hawan jinin masu ciki, wanda ke kaiwa ga jijjiga, watanni kafin ya bayyana. A ɗaya daga cikinsu gwajin ya kama kusan uku cikin huɗu na waɗanda suka kamu daga baya, amma cikin waɗanda ya nuna wa yatsa kusan ɗaya cikin uku ce ta kamu. Lissafin nan na ɗazu ne ya sake ɗago kai. Duk da haka a nan kuskuren bai da tsanani, domin abin da ake yi wa wadda aka zarga shi ne ƙarin kulawa da ƙaramin asfirin, ba wuƙa ba.

Yanzu mu dawo kan Baba. PSA furotin ne da firostet ke yi, lafiyayye da mara lafiya. Yana hawa in firostet ya girma saboda shekaru, ko ya kumbura da ciwon sanyi, ko an sa robar fitsari kwanan nan. Shi ya sa maza da yawa da PSA ɗinsu ya ɗan hau ake gutsuro musu nama a tarar ba komai, ko a tarar da kansa mai sanyin tafiya wadda ba za ta taɓa cutar da su ba. Gwaje-gwajen RNA an yi su ne don rage wannan, kuma da fitsari ake yi, saboda firostet na zuba kayansa kai tsaye a hanyar fitsari, ba sai an yi gogayya da hayaniyar jini ba.

Na farko shi ne PCA3, wani dogon RNA da aka gano a 1999, wanda ƙarin firostet ke yi ninkin-ba-ninkin fiye da lafiyayyen nama. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da gwajinsa a 2012, amma ga mazan da aka riga aka gutsuro wa nama ba a ga komai ba, ana shawarar ko a sake. Likita ne ke fara danna firostet da yatsa ta dubura, sannan a tari fitsarin farko. Sai kuma ExoDx Prostate, wanda ke tace jakunkunan ekzosom daga fitsari ya auna RNA uku, PCA3 da ERG da SPDEF, ba tare da dannawa ba. An tsara shi ne ga namiji mai shekara 50 zuwa sama wanda PSA ɗinsa ke tsakanin 2 da 10. A binciken da aka tabbatar da shi a 2016, in makin ya yi ƙasa, kusan 9 cikin 10 na irin waɗannan mazan ba su da kansa mai zafi, kuma da an bi shi da an ɗaga wa kusan kashi ɗaya cikin huɗu ƙafa. Ka juya maganar kuma: cikin goma da ya ce su kwantar da hankali, kusan ɗaya yana ɗauke da abin da ya kamata a gani. In makin ya yi sama ma bai ce akwai kansa ba, cewa ya yi a je a duba.

Abin da fitsari ba zai taɓa ba likita ba shi ne fuskar naman. Sai an shimfiɗa shi a ƙarƙashin madubin likita ake ganin yadda tantanin suka jeru, a ba shi makin Gleason, kuma a kan wannan makin ake yanke ko a sa ido kawai, ko tiyata, ko gashi, wato ƙona ƙarin da haske. Babu likitan kirki da zai cire firostet ko ya fara gashi bisa sakamakon fitsari.

Saboda haka in kun koma, ka tambayi likitan nawa ne PSA ɗin daidai, kuma an maimaita shi bayan 'yan makonni ko sau ɗaya aka auna. Ka tambaya ko ya ji wani tauri ko ƙullutu da ya duba da yatsa, da kuma ko za a iya yin hoton MRI na firostet kafin allura, domin a yau shi ne aka fi dogaro da shi wajen tace waɗanda za a gutsuro wa nama, yana kuma nuna inda za a saka allurar. In PSA ɗin Baba yana cikin tsaka-tsakin nan, yatsa bai ji komai ba, hoto ma bai nuna abin tsoro ba, to a nan ne gwajin fitsarin zai iya yin amfani, in ana samunsa inda kuke, kuma ba laifi ka ambata wa likitan sunansa. In kuwa PSA ya haura 10 sosai, ko an ji ƙullutu, ko hoton ya nuna tabo, duk abin da fitsarin ya ce sai an gutsuro naman, don haka kada ku ɓata makonni kuna nemansa.